Buƙatar da ba a san makomarta ba: yadda ake hana manhaja cire kuɗi sau biyu

Darussan da akasarinmu muka fara koyon aikin bayan fage na manhaja da su hanya ɗaya suke bi. Burauza ta aiko da buƙata, saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta karɓa ta duba ta, ta rubuta abin da ya kamata a rumbun bayanai, sannan ta mayar da amsa cewa an yi nasara ko kuma an sami kuskure. Wanda ya iya wannan ya iya gina shafi mai aiki, kuma ba ƙaramin mataki ya taka ba. Sai dai manhajar da makaranta ke karɓar kuɗin zango da ita, ko wadda kamfani ke biyan albashi da ita, tana fuskantar wani hali na uku da darussan ba su cika tsayawa a kansa ba, wato halin da mai aiko da buƙata bai sami amsa ko ɗaya ba. A ganina a nan ake gane gwanintar mai rubuta manhajar kamfani, domin mafi yawan rigingimun lissafi da ake fama da su a wannan sana'a, in aka bi diddiginsu, daga wannan gurbin suke fitowa.

Mu ɗauki wani uba da ke son biyan kuɗin makarantar 'yarsa, naira 45,000, ta wayarsa. Ya cika fam, ya danna maɓallin biya, da'irar nan ta fara juyawa a fuskar wayar, sai sabis ya ɗauke. Bayan daƙiƙa 30 manhajar ta nuna masa cewa wa'adin jira ya cika. A wannan lokacin abubuwa uku ne za su iya kasancewa sun faru, kuma daga inda yake zaune duka ukun kamanninsu ɗaya. Mai yiwuwa buƙatar ba ta bar wayar ba ma. Mai yiwuwa ta isa saba, amma saba ta tsaya a tsakiyar aiki. Mai yiwuwa kuma ta isa, an cire kuɗin, an rubuta rasit, amsar ce kawai ta ɓace a hanyar dawowa. Kamar ka aiki yaro kanti da kuɗi ne ya daɗe bai dawo ba: rashin dawowarsa bai gaya maka ko ya biya mai kanti ko bai biya ba, kuma idan ka sake aiken wani da wasu kuɗin, kana iya biya sau biyu. Uban nan zai sake dannawa, kuma yana da gaskiya, domin gobe ne wa'adin biya zai ƙare. Ba shi ya kamata ya ɗauki nauyin wannan shakka ba. Nauyin yana kan wanda ya rubuta saba.

Wannan matsala ta girmi intanet ɗin da muka sani. Jim Gray, masanin rumbun bayanai na Amurka wanda ya karɓi lambar yabo ta Turing a 1998, ya bayyana ta tun a 1978 da misalin janar-janar biyu da ke son kai hari lokaci guda, alhali manzon da ke tsakaninsu ana iya kama shi a hanya. Duk yawan saƙonnin tabbatarwa da za su aika wa juna, na ƙarshe zai kasance ba a tabbatar da isarsa ba. Abin da hakan ke nufi gare mu a aikace shi ne babu wata dabara da za ta tabbatar da cewa saƙo ya isa sau ɗaya tak a kan layin da ke iya yankewa. Zaɓi biyu ne a gabanmu. Ko dai a aika sau ɗaya a haƙura da yiwuwar ɓacewarsa, ko kuma a yi ta aikawa har sai an sami amsa, a haƙura da yiwuwar ya isa fiye da sau ɗaya. A harkar kuɗi ba a yarda saƙo ya ɓace, don haka na biyun ake ɗauka, sannan a gina saba yadda maimaita buƙata ba zai ƙara komai a kan abin da aka riga aka yi ba.

Ƙa'idar HTTP, wadda burauza da saba ke magana da ita, ita kanta ta san da wannan bambanci. GET da PUT da DELETE an tsara su ne yadda maimaita su zai bar saba a halin da aikawa sau ɗaya zai bar ta, amma POST, wanda da shi ake ƙirƙirar sabon abu kamar biyan kuɗi, ba shi da wannan alkawari. Mutane da yawa suna ganin sun magance matsalar idan suka kashe maɓallin bayan dannawar farko. Yin hakan yana da kyau don sauƙaƙa wa mai amfani, amma ba kariya ba ce. Mutum yana iya sabunta shafin, yana iya buɗe shi a wata wayar, sannan akwai manhajojin waya da na'urorin rarraba buƙatu da ke tsakanin burauza da saba waɗanda, gwargwadon yadda aka saita su, suke sake aika buƙata da kansu ba tare da wani ya danna komai ba. Duk kariyar da ke zaune a fuskar manhaja kaɗai, ana iya ƙetare ta.

Maganin da aka fi amincewa da shi shi ne a ba kowace niyyar biya lambar shaida ta kanta, wadda za ta riƙa tafiya tare da buƙatar duk lokacin da aka aika ta. Kamfanin biyan kuɗi na Stripe ya shahara da wannan tsari. Mai aika buƙata yana sanya lambar a kan buƙatar a ƙarƙashin sunan Idempotency-Key, saba kuma ta ajiye amsar da ta bayar a karon farko, ta yadda idan lambar ta sake zuwa, amsar nan ta farko za a mayar ba tare da an sake yin aikin ba. Suna riƙe lambobin aƙalla awa 24, kuma idan aka turo tsohuwar lamba da bayanai daban da na farko, sai su ƙi buƙatar. Paystack, kamfanin biyan kuɗi na Najeriya wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015 kuma Stripe ya saye shi a 2020, yana da lambar shaida ta kowace hada-hada wadda mai manhaja zai iya samar da ita da kansa, kuma ba a yarda a buɗe sabuwar hada-hada da lambar da aka taɓa amfani da ita.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne lokacin da ake samar da lambar. Idan kod ɗin yana ƙirƙirar sabuwar lamba a duk lokacin da aka danna maɓalli, to an yi aikin banza, domin dannawa ta biyu za ta zo da lamba daban, saba kuma ta ɗauke ta a matsayin sabon biya. Dole ne lambar ta bi niyyar, ba dannawar ba. A misalin makaranta, lokacin da ya dace shi ne sa'ad da aka fitar da takardar bashin wannan ɗaliba ta wannan zango, ko kuma sa'ad da uban ya buɗe shafin biya, a ajiye lambar a wayarsa har sai an sami tabbatacciyar amsa. Daga nan ko sau goma ya danna, lamba ɗaya ce za ta riƙa zuwa.

Tuntuɓe na biyu ya fi na farko ɓoyuwa, kuma shi ne ya fi cancantar a daɗe a kansa. Mai rubuta kod yakan yi abin da hankali ya fara ba shi: ya tambayi rumbu ko akwai layi mai wannan lamba, idan babu sai ya rubuta sabo ya ci gaba da cire kuɗi. A kwamfutarsa wannan yana aiki daidai, domin shi kaɗai ke gwadawa, buƙata ɗaya bayan ɗaya. A saba ta gaskiya kuwa buƙatu biyu masu lamba ɗaya suna iya isowa da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, ma'aikata biyu daban na saba su karɓe su. Na farko ya tambaya, rumbu ya ce babu. Kafin ya rubuta, na biyu ma ya tambaya, rumbu ya ce babu, kuma gaskiya ya faɗa. Dukansu suka rubuta, dukansu suka cire kuɗi. Babu layin kod ɗaya da za a nuna a ce ga kuskure, matsalar tana cikin tazarar da ke tsakanin tambaya da rubutawa. Hanyar rufe wannan tazara ita ce a bar wa rumbu hukunci. A sanya ƙa'idar UNIQUE, wadda ke hana lamba ɗaya shiga sau biyu, a kan gurbin lambar, sannan a fara da rubutawa kai tsaye ba tare da tambaya ba. Rumbu zai karɓi ɗaya ya ƙi ɗaya, ko da sabobi ashirin ne ke aiki a lokaci guda. Rumbun PostgreSQL tun daga fitowarsa ta 9.5 a 2016 yana da INSERT ... ON CONFLICT DO NOTHING, wanda ke ba mutum damar gane cewa wani ya riga shi ba tare da an jefo masa kuskure ba. Wanda aka riga sai ya duba halin layin: idan an gama aikin ya mayar da amsar da aka ajiye, idan kuma ana tsakiyar yi ya mayar da lambar amsa ta HTTP 409 ya ce a ɗan jira a sake tambaya.

Irin wannan tsere yana faruwa ko da buƙatun biyu na gaskiya ne, ba maimaici ba. A ce wata manhajar ƙungiyar ajiya da lamuni tana da mamba mai naira 8,000 a asusunsa, sai buƙatu biyu na cire naira 5,000 suka zo tare, ɗaya daga waya ɗaya daga teburin wakili. Kod ɗin ya karanta saura, ya ga 8,000 ya isa, ya ɗebe 5,000 a ƙwaƙwalwarsa, ya rubuta 3,000. Ɗaya buƙatar ma ta karanta 8,000 kafin a rubuta sabon adadin, ita ma ta rubuta 3,000. An fitar da naira 10,000 daga asusun da ke da 8,000, kuma rumbu yana nuna saura 3,000. Babu wani kuskure da zai bayyana a kundin saba. Akanta ne zai gano shi a ƙarshen wata, lokacin da kuɗin banki suka ƙi yin daidai da na littafi.

Da yawa suna zaton sanya umarnin a cikin ƙullin aiki, wato tsakanin BEGIN da COMMIT, ya wadatar. Ƙullin yana ba da tabbacin cewa umarnin da ke cikinsa za su tabbata gaba ɗaya ko su rushe gaba ɗaya, kuma wannan babban abu ne, yana cikin siffofi huɗu da Theo Härder da Andreas Reuter suka taƙaita da haruffan ACID a 1983. Amma irin kariyar da yake bayarwa daga sauran ƙullin da ke gudana a lokaci guda ta dogara ne da matakin keɓewa da aka zaɓa. PostgreSQL yana zuwa ne a kan matakin Read Committed, MySQL mai injin InnoDB kuma a kan Repeatable Read, kuma a kan waɗannan saituna na asali, karanta saura da SELECT na yau da kullum sannan a rubuta adadin da aka lissafa a kod bai tsira daga tseren da muka bayyana ba.

Gyaran da na fi so shi ne mafi sauƙi, wato a bar rumbu ya yi dubawa da ɗebewa a umarni ɗaya:

UPDATE asusu SET saura = saura - 500000 WHERE lamba = 17 AND saura >= 500000;

Sai a duba layuka nawa umarnin ya taɓa. Idan ɗaya ne an cire, idan sifili ne kuɗin ba su isa ba. Buƙata ta biyu za ta jira ta farko ta gama da layin, sannan ta duba sharaɗin a kan sabon adadi. Idan hukuncin ya fi ƙarfin umarni ɗaya, misali ana buƙatar duba iyakar cirewa ta rana da matsayin lamunin mamba, sai a kulle layin tun wajen karantawa da SELECT ... FOR UPDATE, wanda firemwok ɗin Django (wato kayan gina manhaja) ke kira select_for_update, Laravel kuma lockForUpdate. Mai kulle layuka biyu, kamar wajen tura kuɗi daga asusu zuwa asusu, ya riƙa kulle su bisa tsari ɗaya kullum, ƙaramar lamba kafin babba, in ba haka ba wata rana ƙulli biyu za su riƙe wa juna ƙofa, kowanne yana jiran ɗan'uwansa, har sai rumbu ya kashe ɗaya. Akwai kuma matakin keɓewa na Serializable, wanda PostgreSQL ya inganta shi sosai a fitowa ta 9.1 a 2011. Yana da kyau ƙwarai, da sharaɗin mutum ya shirya wa kuskure mai lamba 40001, ya rubuta kod ɗin da zai sake gudanar da ƙullin daga farko idan rumbu ya ƙi shi.

Kowane firemwok yana da nasa ramin a nan, kuma ya kamata mai aiki da shi ya san su da suna. Django ba ya naɗe buƙata a cikin ƙulli sai an ce masa, ko dai da transaction.atomic ko da kunna ATOMIC_REQUESTS. A Spring, wanda kamfanoni masu aiki da Java suka dogara da shi sosai, alamar @Transactional tana aiki ne ta hanyar wakilin da ke lulluɓe ajin, don haka idan wani aiki a cikin aji ya kira ɗan'uwansa na cikin ajin kai tsaye, kiran bai bi ta wakilin ba, kuma ba a buɗe ƙullin da alamar ta nema ba. Haka nan Spring, bisa saitinsa na asali, yana rushe ƙulli ne idan aka jefo RuntimeException ko Error, amma irin kurakuran da Java ke tilasta a bayyana su ba sa rushe shi sai an faɗa masa. Tsofaffin manhajojin MySQL kuma ana iya tarar da teburansu a kan injin MyISAM, wanda bai san ƙulli ba sam, domin sai a fitowa ta 5.5 InnoDB ya zama na asali. Duk wanda ya gaji tsohuwar manhaja, wannan yana cikin abubuwan da ya kamata ya fara dubawa.

Sai dai ƙulli iyakarsa rumbunka. Ba shi da iko a kan banki ko kamfanin biyan kuɗi ko mai aika saƙon tes, kuma a nan gizo ke saƙa. Idan kod ya buɗe ƙulli, ya kira API na kamfanin biyan kuɗi a cikinsa, kamfanin ya tura kuɗin, sannan ƙullin ya rushe, rumbu zai manta da komai amma kuɗin sun riga sun tafi. Ban da wannan ma, riƙe ƙulli a buɗe ana jiran amsar wani kamfani yana cinye hanyoyin haɗi da rumbu. HikariCP, mai kula da waɗannan hanyoyi wanda Spring Boot ke amfani da shi, yana farawa da hanyoyi 10 ne, PostgreSQL kuma da iyakar 100. Ranar da kamfanin waje ya yi jinkiri, buƙatu goma da ke jiransa sun isa su tsayar da manhajar gaba ɗaya, har da shafukan da ba su da alaƙa da biya.

Tsarin da ya fi lafiya shi ne a raba aikin gida uku. A fara rubuta niyyar a rumbu da matsayin ana jira, tare da lambar shaidarta, a rufe ƙullin. Sannan a kira kamfanin waje da wannan lambar, ba tare da an riƙe komai ba. Idan amsa ta zo, a buɗe wani gajeren ƙulli a sauya matsayin zuwa an biya ko an ƙi. Idan kuwa wa'adi ya cika babu amsa, kada a rubuta an ƙi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cutar da mutane, domin shi ke sa alat ɗin cire kuɗi ya shigo wayar mutum alhali shafin makaranta yana cewa bai biya ba, ya kwashe kwanaki yana zarya tsakanin banki da ofis da hoton alat a hannu. Matsayin ya tsaya a ana jira, a gaya wa mai biya a fili cewa ana tabbatarwa kuma kada ya sake biya, sannan wani ma'aikacin bayan fage ya riƙa tambayar kamfanin halin wannan lambar, yana ƙara tazara tsakanin tambaya da tambaya, har sai ya sami amsa yankakkiya.

Haka ake yi da saƙonnin da za su fita bayan an biya, kamar rasit ta imel ko sanar da wata manhajar. Maimakon a aika su a tsakiyar ƙulli, sai a rubuta su a wani tebur na saƙonnin fita a cikin ƙullin da ya tabbatar da biyan, ta yadda ko dai biyan da saƙon su tabbata tare ko su rushe tare. Wani ma'aikaci daban ne zai riƙa ɗebo su yana aikawa, kuma FOR UPDATE SKIP LOCKED yana ba ma'aikata da yawa damar ɗiba daga tebur ɗaya ba tare da sun yi karo ba. Ga matsakaiciyar manhaja wannan ya wadatar, ba sai an kawo manhajojin jera saƙonni irin su Kafka ko RabbitMQ ba. Ina faɗin haka ne domin na ga ana saurin rarraba ƙaramar manhaja zuwa ƙananan sabis bakwai ko takwas don kawai manyan kamfanoni suna yin haka, alhali kowace iyaka da aka ƙara tsakanin sabis da sabis sabon wuri ne da amsa za ta iya ɓacewa. Tawagar mutum uku ko huɗu da rumbu ɗaya mai ƙulli na gaskiya tana riƙe da kariyar da masu rarrabawa ke wahala kafin su sake gina kwatankwacinta.

Kamfanonin biyan kuɗi su ma suna turo sanarwa kai tsaye zuwa saba idan biya ya tabbata, kuma duk abin da muka faɗa ya shafi wannan sanarwa, sai dai yanzu kai ne mai karɓa. Za ta iya zuwa sau biyu, domin idan ba ka amsa da lamba 200 a kan lokaci ba za su sake turowa. Za ta iya zuwa kafin burauzar mai biya ta dawo shafinka, ko bayan haka da daɗewa. Kuma adireshin da ke karɓarta a buɗe yake ga duniya, kowa yana iya tura masa saƙon ƙarya. Paystack yana sanya hannu a kan kowace sanarwa da HMAC SHA512 ta amfani da mabuɗinka na sirri, yana ajiye sa hannun a x-paystack-signature, kuma wajibi ne a lissafa shi a kwatanta kafin a taɓa rumbu. Bayan sa hannu ya inganta, a kwatanta adadin da aka biya da nau'in kuɗin da abin da ke rubuce a takardar bashi, domin cewa an yi nasara bai nuna cewa naira 45,000 aka biya ba. Dawowar burauza zuwa shafin godiya kuwa ba hujja ba ce ko kaɗan, tunda kowa yana iya rubuta wannan adireshin da hannunsa.

Mai lura zai ga cewa a umarnin da ke sama na rubuta 500000 a madadin naira 5,000. Kobo ne, kuma da gangan ne. Lambobi masu ɗigo da kwamfuta ke lissafi da su bisa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985 ba sa iya riƙe kashi ɗaya cikin goma daidai, shi ya sa idan aka tara 0.1 da 0.2 a JavaScript ko Python ake samun 0.30000000000000004. A lissafin kuɗi ko dai a yi amfani da cikakkiyar lamba ta mafi ƙanƙantar ɓangaren kuɗin, kamar yadda Paystack da Stripe ke karɓar adadi, ko kuma NUMERIC a rumbu da BigDecimal a Java ko Decimal a Python. Wanda ya zaɓi kobo ya kula da girman gurbin. INTEGER na yau da kullum yana tsayawa ne a 2,147,483,647, wato naira miliyan 21 da 'yan kai idan kobo ake ƙirgawa, adadin da kuɗin zango na makaranta guda ke iya wucewa. BIGINT ne ya dace tun ranar farko. Kada kuma a dasa ninkawa da 100 a ko'ina cikin kod, domin a ƙa'idar ISO 4217 sefar da ake kashewa a Nijar da Kamaru da Chadi ba ta da ɗigo, dinarin Kuwait kuma yana da gurabe uku bayan ɗigo. Manhajar da aka rubuta a Kano tana iya samun abokin ciniki a Maraɗi, kuma a ranar za a gode wa wanda ya ajiye nau'in kuɗi kusa da kowane adadi. Rabo ma yana da nasa hukunci: naira 10,000 tsakanin mutum uku kobo 333,333 ne kowanne, saura kobo ɗaya, kuma dole a yanke tun farko wa zai ɗauke shi, a rubuta hukuncin a kod.

Game da saura kuwa, ra'ayina shi ne gurbin saura kaɗai bai isa a dogara da shi ba. Adadi ne da ake gogewa ana sake rubutawa, kuma idan ya karkace ba ya faɗin yaushe ko ta ina. Masu lissafi sun daɗe da sanin maganin wannan. Tsarin shigarwa biyu da Luca Pacioli ya bayyana a rubuce a Italiya a 1494, wanda 'yan kasuwar can suka riga shi amfani da shi, yana buƙatar kowane motsin kuɗi ya bar sawu biyu, inda ya fito da inda ya shiga, kuma jimillarsu ta tashi daidai. A rumbu wannan yana nufin tebur da ake ƙara masa layuka kawai, ba a gogewa ba a gyarawa. Idan an yi kuskure sai a rubuta sabon layi da ke warware shi. Ana iya ajiye saura don saurin karantawa, muddin ana sabunta shi a ƙulli ɗaya da layukan, kuma ana iya sake lissafa shi daga gare su a kowane lokaci. Ranar da mamba ya zo yana cewa an ci masa kuɗi, ma'aikacin ofis zai iya buɗe masa tarihin layi bayan layi, maimakon ya ce masa haka kwamfuta ta nuna.

Duk da wannan tanadi, wasu abubuwa za su kuɓuce, shi ya sa ake buƙatar aikin daidaita lissafi da ke gudana kowane dare. Yana ɗauko jerin hada-hadar da kamfanin biyan kuɗi ya ce ta tabbata, ya kwatanta da naka lamba bayan lamba, ya fitar da waɗanda ke can babu su a nan, da waɗanda ke nan babu su can, da waɗanda adadinsu ya saɓa, da kuma duk abin da ya kwana a matsayin ana jira. A ajiye lokuta a rumbu bisa agogon UTC, a tuna cewa Najeriya da Nijar suna gaba da shi da awa ɗaya, don kada biyan da aka yi da ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare ya faɗa cikin lissafin jiya a wani ɓangare, na yau kuma a ɗayan. Rahoton ya tafi wajen wani mutum takamaimai da aka ɗora wa alhakin karanta shi da safe.

Kafin a saki irin wannan manhaja, gwajin da ya kamata a rubuta ya wuce na tura buƙata ɗaya a ga ta dawo da nasara. A tura buƙatu hamsin masu lamba ɗaya a lokaci guda, a tabbatar layi ɗaya ne ya shiga. A tura buƙatun cire kuɗi da jimillarsu ta fi saura, a tabbatar saura bai gangara ƙasa da sifili ba. A maye gurbin kamfanin biyan kuɗi da na kwaikwayo wanda ke karɓar buƙata ya yi shiru, a ga ko manhajar za ta rubuta ana jira. A kashe saba da ƙarfi bayan an kira kamfanin kafin a rubuta amsarsa, a tayar da ita, a duba ko ma'aikacin bayan fage zai gano hada-hadar ya ƙarasa ta. Kuma a yi waɗannan gwaje-gwaje a kan irin rumbun da za a yi aiki da shi, PostgreSQL in PostgreSQL ne, MySQL in MySQL ne, domin SQLite da ake yawan gwaji da shi don sauƙi mai rubutu ɗaya yake bari a lokaci guda kuma bai san FOR UPDATE ba, don haka halayen kulle da tseren da ake nema ba za su bayyana a kansa yadda za su bayyana a saba ta gaskiya ba.